Mujiya a Kafaɗar Baffa

Sharaɗi ɗaya Baffa ya kafa mini ranar da ya ba ni ɗakin da ke jikin zaurensa in buɗe shagon hoto. Ya ce, "Duk abin da zai sa a nuna gidan nan da baki, kada ya fito daga ɗakin nan. Ran da ya fito, kai ma ka fita." Na ce na ji. Ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami da ubanmu ya rasu, shi da matarsa da muke kira Inna. Malami ne da manyan mutane ke zuwa ɗaukar karatun littattafai a gabansa bayan asuba da bayan la'asar, kuma ba ya ƙaunar hoto ko kaɗan. Bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Ya ba ni ɗakin ne don kada a ce ɗan wansa ya dawo daga Jos da sana'a a hannu ya rasa inda zai sa kansa a cikin Bauchi.

Shekara uku na yi a Jos a hannun wani Bayarabe mai hoto, mutum mai faɗan tsiya, amma ya san aikinsa. Na dawo da kamarar katako mai ƙafa uku, irin wadda mai ɗauka ke cusa kai cikin baƙin ƙyalle. A kan gilashi muke ɗaukar hoto a lokacin, gilashi mai shafin magani a fuska ɗaya, wanda ba a yarda haske ya taɓa shi sai a cikin kamara. Don haka kowane gilashi a cikin kuben katako yake zama, mai murfi na zarewa. Bakin murfin nan gefe ɗaya fari ne, ɗaya gefen baƙi. In fari ne a waje, gilashin sabo ne. Da zarar ka ɗauki hoto sai ka juya murfin, baƙi ya koma waje, don ka san wannan ya riga ya ci. Maigidana ya sha zabga mini rula a bayan hannu kan juya murfin nan, har ya zama hannuna na yi ba sai na tuna ba.

Ɗauka ita ce ƙaramin aikin. Babban aiki gyara ne. In an wanke gilashi ya bushe, sai a jingina shi kan wani allo mai rami, a sa madubi a ƙasa ya turo hasken rana ta bayansa. A kan gilashin komai a juye yake, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari, wanda bai saba ba sai ya ga tarkace kawai. Nan za ka duƙa da fensir da aka fiƙe kamar allura, da reza. Fensir na cike gurbi ya ƙara haske, kuma abin da ya yi ana iya goge shi. Reza kuwa kankare maganin take yi har sai gilashi ya fito tas, wurin ya fita baƙi ƙirin a takarda, kuma abin da ta ɗauke ya tafi ke nan.

Kowa ya zauna a gabana sai ya ce, "Mai hoto, ka dai gyara ni." Akawun En'e yana so in cire masa ƙuraje, ɗan kasuwa yana so in cike masa ramukan zanzana. Akwai wani malamin makaranta da ya nace sai na ƙara masa wuya, wai wanda Allah ya ba shi ya yi siriri. Na gyara rabin garin nan, har na kai in na haɗu da mutum a kasuwa sai in ga fuskar da yake yawo da ita ce ba ta yi kama da shi ba. Abin ya ishe ni, amma da shi nake ci.

Maganar mujiya kuwa tsohon ciwo ne. Da ubanmu ya rasu, matan unguwa suka ce ai dama mujiya ta yi kwana uku tana kuka a kan soronmu. Shekara da shekaru suna maimaita wannan a gabana, sai ka ce tsuntsuwar ce ta shiga ɗaki ta shaƙe shi, alhali kowa ya san tarin da ya yi damina biyu yana fama da shi. Na tashi ina tsoronta, ina kuma jin haushin kaina da nake tsoronta. Da na yi wayo sai na lura duk masu ba da labarin nan babu wadda ta taɓa ganin fuskar mujiya. Murya suke ji su ja zane su rufe kai. Ran da na mallaki kamara na yi wa kaina alkawari sai na sa ta ta zauna mini, na kalle ta ido cikin ido.

Hanyar ta zo ne ta wani dattijon Bafulatani da ke da ruga a Gubi. Ya shigo shago yana so a ɗauki hoton bijiminsa kafin ya sayar da shi. Na ɗaure kamara a bayan keke na bi shi. A lokacin Gubi ba madatsar ruwa, ba makaranta, duwatsu ne da gonaki da rugage. Bayan mun gama da bijimi muna shan fura, na tambaye shi a kaikaice ko ana jin mujiya a nan. Ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Ya ce, "Mai hoto, mu da muke kwana a daji, in za mu gudu don mujiya ta yi kuka ai da ba mu da ko ɗan maraƙi. Tashi in nuna maka ɗakinta."

Wata tsohuwar bishiyar kuka ce a gindin dutse, da kogo babba a jikinta, tsayin kan mutum, yana kallon yamma. Muna matsawa wani farin abu ya fito fuu ta saman kaina ba ko ƙarar fiffike. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Dattijon ya tsaya yana kallona, ya ce, "Kai ne za ka ɗauke ta?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Alhamis biyar na yi ina zuwa. Baffa nake ce wa shanu nake ɗauka. Na kafa sanduna uku a gaban kogon na rataya musu baƙin tsumma na bar su a can, don ta saba da ganin abu mai ƙafa uku a ƙofarta. Matsalar haske ce ta fi ba ni wuya, don cikin kogon duhu ne ko da tsakar rana. Na gwada madubi, hasken ya soke mata ido ta gudu, muka yi asarar mako guda. Daga baya muka gane in rana ta sauko bayan la'asar, dattijon ya riƙe farin zane daga gefe, wani haske mai laushi yana shiga har ya kai fuskarta. Rani ne, kukar ba ganye, wannan ma ya taimaka.

Alhamis ta biyar na cire sandunan na kafa kamarar gaske a wurinsu, kusa ƙwarai, yadda kogon ya cika gilashin. Tana can sama a kusurwa, ta lumshe ido, ta ƙi zuwa tsakiya. Na jira har gumi ya jiƙa ƙyallen da ke kaina. Sai dattijon ya ɗora leɓe a bayan hannunsa ya tsotsa, ya yi wani tsiit irin na ɓera. Ta buɗe ido tar a kaina. Na cire hular idon kamara na ƙirga huɗu a zuci na mayar. Duk shekarun da na yi ina ce wa mutane kada ku motsa, ban taɓa samun wanda ya ji maganata kamar tsuntsuwar nan ba. Daga nan ta juya mini baya ta shige can ciki, ba ta ƙara leƙowa ba.

Cikin ɗoki na mayar da murfin kube. Ban juya shi ba, kuma ban san ban juya ba. Kube biyu na je da su, na jefa su cikin jaka tare, na hau keke ina waƙa kamar wanda aka yi wa bushara.

Washegari Juma'a, bayan an tashi daga karatun safe, sai ga Baffa a ƙofar ɗakina ya sha mur. Ya yi niyyar aikin hajji ta hanyar mota, kuma an ce masa ba fasfo sai da hoto. Wata guda yana ja da maganar, har ya ga ba makawa. Ya ce, "Yi maza ka yi abin da za ka yi kafin mutane su gan ni."

Daɗi ya kama ni. Yau Baffa ne da kansa zai zauna a kujerata! Na rataya baƙin ƙyalle a bayansa don farin rawaninsa ya fito, na zura hannu a jaka na zaro kube, na ga fari a waje, na sa a kamara. Ya zauna da farar babbar riga, ya naɗe hannunta a kafaɗa, yana harara kamar ni na ƙirƙiro fasfo. Na ɗauka. Ya tashi ya kaɗe riga ya fita, ko sannu bai ce ba.

Bayan an sauko daga masallaci na rufe ƙofa, na bar 'yar tagar nan mai jan gilashi da nake aiki da haskenta, na ɗauko ɗaya kuben ban ko duba murfinsa ba, don na tabbata mujiyata ce a ciki. Na tsoma gilashin a kwanon magani ina kaɗawa. Shiru. Na ƙara kaɗawa. Ya fito fes, ba ko ɗigo. Na ɗauka ko ruɗewa ta sa ban zare murfin ba a gaban kogon. Zancen rashin juyawa bai ko zo mini a rai ba, don na yarda da hannuna fiye da kima.

Asabar da sassafe na koma Gubi in sake. Tun daga nesa na hango kukar ta yi baƙi. Dattijon ya tare ni a hanya ya ce manoman wurin sun ga ɗan birni yana zarya wurin mujiya da baƙin ƙyalle, sun ce mugun magani ake haɗawa. Sun cusa kara a kogon sun sa wuta. Ta fito da rana tsaka ta nufi bayan duwatsu, ƙananan tsuntsaye na bin ta da tsiya. Na yi faɗa, na yi zagi, na ce a nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Ya riƙe mini keke har na gaji, ya ce, "Ba za ta dawo ba, mai hoto. Ni ma an ƙone mini ɗaki ba zan dawo ba."

Lahadi da safe na tuna Baffa na jiran hotonsa. Na tsoma gilashinsa a magani, raina duk a jagule. Rawani ya fara fitowa, sai gemu, sai riga. Sai kuma, a saman kafaɗarsa ta hagu, inda ya kamata a ce ba komai sai ƙyalle, idanu biyu suka taso. Na yi salati da ƙarfi. Ga ta nan zaune daram, farar fuskarta cikakkiya, ƙirjinta ya narke cikin farin rigarsa sai ka rantse a kafaɗar ta sauka da kanta. Duhun kogo da duhun ƙyalle sun haɗu sun zama ɗaya. A gilashi guda na ɗauke su duka biyu.

Na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai, hawaye na zubo mini don murna. Ba ta ɓace ba. Sai da dariyar ta lafa sannan na tuna sharaɗin Baffa.

Kwana uku ina ce wa Baffa gilashi bai bushe ba. Ina duƙe a kan allo, fensir a hannu, ina bin gashin fuskarta ɗaya-ɗaya, ina fito da ɗige-ɗigen ƙirjinta daga inda duhu ya cinye su. Ban ƙara mata komai ba, ban rage mata komai ba, abin da ke nan kawai nake tasowa da shi. Dabarata ita ce in rufe sauran gilashin da baƙar takarda in buga kusurwarta kaɗai, shi kuma in ce masa nasa ya lalace a sake. Da na tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma zuciya ta ce mini sai na ga hoton duka sau ɗaya a takarda. Na buga, na bar shi a kwanon ruwa yana ɗauraya, na koma kan allo.

Laraba ce da hantsi. Baffa ya gaji da jira ya shigo, gidansa ne ba sai ya nemi izini ba. Ban ji shigowarsa ba sai ƙarar ruwa da na ji. Na waiga na gan shi da takardar a hannu tana ɗiga a kan rigarsa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, a hankali, "Mene ne wannan a kafaɗata?"

Na ce, "Mujiya ce, Baffa."

Na yi masa bayani tun daga bijimi har zuwa murfin da ban juya ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ka san garin nan ko ba ka san shi ba? Mutum ɗaya ya ga wannan, kafin azahar ya kai kasuwa, kafin la'asar an ce malamin da ke karantar da tauhidi yana kiwon mujiya. Wa zai tsaya ya ji zancen murfi? Shekara talatin ina zaune a zauren can." Ya yayyage takardar ya dunƙule a hannu. Ya ce, "Ina gilashin da ya haifi wannan?"

Na nuna masa allo.

"Na sha ganin ka kana kankare fuskokin mutane da reza. Ɗauki rezar ka kankare tsuntsuwar nan yanzu, ina tsaye."

Na roƙe shi. Na ce zan sake ɗaukarsa sau goma in yana so. Na ce zan sa gilashin a ƙasan akwati in kulle, ba mai gani. Ya ce, "Akwati ana buɗe shi. Ni zan mutu, kai za ka mutu, gilashi na nan." Gaskiya ya faɗa, ko a lokacin na san gaskiya ya faɗa. Amma na ga kukar nan da ta yi baƙi a idona, na ga yau ma ga wani ya zo da nasa karan, kuma a hannuna yake so ya sa wutar. Raina ya ɓaci iya ɓaci. Na ce, "Baffa, me ta yi wa mutane ne haka? Kai ma da kake karantar da mu cewa ba mai kashewa sai Allah?"

Ya ce, "Ban zo muƙabala da kai ba, ɗan nan. Ka kankare ta, ko ka kwashe kayanka yau."

Na ce, "Abin da kake gudu shi ne a gan ku tare?"

"Shi ne."

"To ba za a gan ku tare ba."

Na zauna na ɗauki reza. Daga rawani na fara. Maganin na naɗewa yana zubowa kan cinyata kamar dusa. Yana tsaye a bayana, kaina ya tare masa ramin allon, ƙarar reza kawai yake ji. Na sauko goshi, na sauko ido. Ina kan gemu na ji ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Hannuna ya tsaya. Da zan fasa, lokacin ya riga ya wuce, kuma ba zan yi ƙarya ba, ban yi niyyar fasawa ba. Na ci gaba har na gama da riga. Kafaɗar hagu kaɗai na bari, don in na taɓa ta zan yanke ƙirjin mujiyar.

Na miƙe na ɗaga gilashin a hasken ƙofa. Ko wanda bai saba ba zai gane: fili fes, sai tsuntsuwa a kusurwa. Ya kalla, ya sake kalla.

Ya ce, "Ni ka kankare."

Na ce, "Kai za ka iya sake zama, Baffa. Ita ba za ta sake ba."

Ya ce, "A gabanka dai ba zan sake ba." Ya saki dunƙulen takardar a ƙasa ya fita.

Kafin la'asar kayana na kan amalanke. Inna ta biyo ni har soron ciki tana kuka, tana cewa in je in durƙusa, in ce shaiɗan ne. Na ce, "Inna, ba shaiɗan ba ne, ni ne. Ya ce kada a gan su tare, kuma na raba su. Me kuma ya rage?" Ta ce, "Taurin kan nan na gidanku ne zai ƙarar da ku." Na samu ɗaki wurin wani kafinta a Fadaman Mada, lokacin wurin lambuna ne da gidaje jefi-jefi, ba wanda zai zo neman mai hoto a can sai ya ɓata hanya.

Baffa ya je wurin wani mai hoto a kusa da tashar mota aka yi masa na fasfo. Ran tafiyarsu na je tashar. Na tsaya a bayan wata mota ina hangensa cikin masu rakiya, ina jiran ya aiko a kira ni. Bai aiko ba, ni ma ban fito ba, har motarsu ta tashi. Daga baya aka gaya mini ya waiga sau biyu yana duba cikin mutane. Wannan tsayuwar ta bayan mota ita ce abin da nake nadama a duk labarin nan, kuma har gobe tana ci na. Mujiyar kuwa, ko yau aka dawo da ni gaban allon nan ba zan kankare ta ba.

Na ƙarasa gyaranta a sabon ɗaki, na buga ta babba, kafintan ya yi mini firam, na rataye ta daidai inda duk wanda ya zauna a kujera sai sun haɗa ido. Wasu na leƙowa su juya. Wani ya ce ba za a wanke fuskarsa a kwanon da aka wanke mujiya ba. Na ce masa ga hanya nan. Kafintan ya ce, "Kai dai ba ka son cin abinci, ko? Juya ta bango mana in baƙi sun zo." Na ce ko gwamna ne ya zo a haka zai same ta. Na ji jiki a watannin nan, ba laifi, amma ko sau ɗaya ban sauke ta ba.

Da bikin 'yancin kai ya zo, garin ya rasa masu hoto. Kowa ya ɗinka sabuwar riga, kowa na son a ɗauke shi da 'yar tuta kore da fari a hannu. Waɗanda suka rantse ba za su taka ƙofata ba su ne a gaban layi. Suna zama su sunkuyar da kai, in ce a ɗago a kalle ni, su ɗago su haɗa ido da ita. Ba wanda ya mutu. Na ji daɗin wannan ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

A cikin waɗannan kwanakin ne alhazan mota suka fara dawowa, aka zo da labarin Baffa ya rasu a can bayan ya gama aikinsa, an binne shi a can. Abokin tafiyarsa ya kawo jakar littattafansa. Fasfon ya tsaya a hannun hukuma. Na je gaisuwa na zauna a ƙarshen tabarma, a cikin zauren, ina kallon ƙofar tsohon ɗakina a rufe. Ba wanda ya ce mini kanzil a kan abin da ya faru.

Bayan Inna ta fita takaba, wata safiya sai ga ta a shagona. Ba ta taɓa zuwa ba. Akwai mutane biyu suna jira a benci, na ce su ba ni wuri. Ta zauna a kujerar hoto don ita kaɗai ce kujerar kirki. Bayan mun gaisa ta ce ta aika wurin mai hoton tasha neman hoton Baffa, ya ce ya daɗe da wanke gilashin ya ɗauki wani a kai. Ta ce, "Saura kai. Na san kun yi faɗa kan tsuntsu, amma an ce ka ɗauki hoton Baffanka kafin nan. Fuskarsa ta fara ɓace mini, ɗana. In na rufe ido rawani nake gani kawai. Ka ba ni ko ɗan ƙarami ne."

Ashe bai taɓa gaya mata abin da na yi ba. Na iya cike ramin zanzana, na iya ƙara wa mutum wuya, amma fensir ba ya kama gilashin da reza ta wuce a kai. Na gaya mata komai, ban sassauta wa kaina ba. Na sauko da hoton daga bango na ɗora mata a cinya. Ta kau da kai. Na ce, "Inna, dubi nan ƙasa. Wannan farin da take zaune a kai, mutane na ɗauka dutse ne. Kafaɗarsa ce. Ita kaɗai ta rage."

Ta ɗora tafin hannu ta rufe fuskar mujiyar, ta matso da hoton kusa da idonta. Ta daɗe. Sannan ta bi farin da ɗan yatsa, ta ce, "Naɗinsa ne. Kullum sai ya ninka sau uku, na ƙarshen ya karkace. Shekara nawa ina gyara masa, yana fita ya mayar da shi yadda yake so." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma kuka. Ni ma na juya na ba ta baya, na yi nawa.

Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Buga mini nan ɗin kaɗai. Ban da ita."

Na shiga ciki na ɗauko gilashin, na yanka baƙar takarda na rufe mujiyar tun daga kai har ƙirji, na buga abin da ya saura. Ya fito bai kai tafin hannu ba: baƙi ko'ina, sai ninkin farar riga uku, na ƙarshen a karkace. Ta jira ya bushe, ta naɗe shi a hankici ta sa a cikin rigarta. A bakin ƙofa ta ce in riƙa zuwa gida cin tuwo, ɗakin ma yana nan a rufe in ina so. Na ce zan zo cin tuwo. Na raka ta har bakin hanya na dawo, na mayar da mujiya kan ƙusarta, na ce wa na gaba ya zo ya zauna.